Mutumin da Ya Rataye Rana a Ɗakinsa

Ƙarfe shida da rabi na safe yake fita daga gida, jakar kayan aiki a kafaɗa, tsumma a aljihun baya. Shekara talatin da huɗu bai sauya ba. Aikinsa kula da sigina ne a mahaɗar jiragen ƙasa da ke bayan gari, wato fitilun nan ja da rawaya da koriya da ke tsaye a bakin dogo suna gaya wa direba ya tsaya ko ya wuce. Guda goma sha huɗu ne a hannunsa. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙafa, ya hau tsani, ya goge gilashi, ya taɓa waya, ya duba ƙwan fitila, ya sauko ya rubuta a ɗan littafin aljihunsa, ya nufi ta gaba. Abokan aiki suna kiransa Mai Fitila, har wasu sabbin shiga sukan yi shekara ba su san yana da wani suna ba. Fasinja kuwa ba su ma san da zamansa ba. Wanda ya leƙo ta tagar tarago, iyakarsa ya hangi wani dattijo manne da ƙarfe a sama, kafin ya ƙifta ido an wuce.

A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Kowace shekara ma'aikatar tana ba da lambar yabo ga wanda ya gama aikinsa ba tare da tabo ba, kuma tun bara kowa ya san sunansa ne a saman takardar. Ba a ba shi ba. Abin da ya hana shi lambar shi ne dalilin wannan jinjina, kuma ba za a gane shi ba sai an shiga ɗakin da ke ƙarshen gidansa.

Ɗakin na baƙi ne a da. Yanzu baƙo in ya zo sai dai ya kwana a falo, domin tebur ya cinye ɗakin, ya bar 'yar hanyar da mutum ɗaya zai bi a karkace. A kan teburin akwai mahaɗar da yake aiki, 'yar ƙarama, komai da komai: layuka bakwai, dandamalin tasha, tankin ruwa, ɗakin mai ba da hanya ga jirage, gadar ƙafa, gidajen ma'aikata har da igiyoyin shanyarsu. Kan jirgi da taragai da ƙarafan dogo ne kaɗai ya saya, na hannu, masu tafiya da lantarki. Sauran duk shi ya yi da kwali da katako da gwangwani da waya. Duk abin da ya kai taku tamanin da bakwai a can, taku ɗaya ne a nan, kuma ba ya yarda da kintace. In zai kafa turke ɗaya, sai ya auna na gaskiyar da tef a wurin aiki, ya dawo ya raba.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, kowace la'asar bayan ya watsa ruwa ya ci abinci. Wani in ya tashi daga aiki ko sunan wurin ba ya son ji. Shi sai da ya ɗauko wurin aikin ya kawo gida, ya kuma ware masa ɗaki. Sabbin direbobi da ke shirin jarrabawa sun gano amfanin abin tun da wuri. Sukan zo su tsaya a bakin tebur, ya tuƙa musu ɗan jirgin a hankali yana tambaya, in kana nan wace sigina ce taka, in aka ba ka rawaya a can ina za ka fara rage gudu. Da yawa daga cikinsu sun ce a teburin nan suka haddace mahaɗar kafin su taɓa shigarta da jirgi.

Matarsa Sufeto yake ce mata, kuma ta ci sunan. Rariyarta ta kicin ya fara ɗauka, ya tankaɗe yashi ya fitar da 'yar tsakuwar da za ta dace da ƙasan dogo, rariyar ba ta sake ganin gari ba. Daga nan sai almakashin ɗinkinta. Ita kuma da ido take ramawa. Takan tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta ƙare wa teburin kallo, ta faɗi abin da bai yi daidai ba, ta koma harkarta. Ran da ya gama sa wa gidaje wuta ya kira ta ta gani, yana jiran yabo.

"Malam, wace unguwa ce wannan da kowa ya kunna fitilar kowane ɗaki, har da banɗaki? Babu iyaye a gidajen ne?"

Sati uku ya yi kwance a ƙarƙashin tebur da ƙarfen narka dalma yana raba wayoyi, har kowane gida ya samu makunninsa.

A harkar wutar nan gwanintarsa take. Ya san in ba a shafa wa cikin gidan kwali baƙin fenti ba, haske zai ratsa bango gidan duka ya kama ci. Ya san ƙaramin ƙwai in aka ba shi cikakkiyar wuta sai ya kashe ido, dole a rage masa. A tagogi takarda mai shara-shara yake mannawa don hasken ya yi laushi. Kowace waya a ƙarƙashin teburin tana da 'yar takarda a wuya da ke faɗin inda ta fito da inda za ta. Sigina kuwa, yadda ake ƙera ta gaskiya haka ya ƙera tasa: ɗan ƙwai kamar ƙwayar shinkafa, a bayansa ɗan gwangwani mai ƙyalli da ke turo hasken gaba, a gabansa gilashi mai launi, a sama kuma 'yar hula. Hular nan ta kwano ce, doguwa, tana miƙowa gaban gilashin don ta tare masa rana. Kowace fitila da tata.

Sai maganar hasken rana. Wannan ne abin da aka fi yi masa dariya a kai. Ya ce tasha ba ta kama da tasha sai da inuwa, kuma inuwar safe daban, ta yamma daban. Saboda haka ranakun da aiki ya kai shi yamma yakan kafa sanda kusa da ɗakin mai ba da hanya, ya auna tsawon inuwarta da inda ta karkata, ya rubuta kwanan wata da lokaci. In ya dawo gida ya ja labule mai kauri, ya kafa tsinken ashana a daidai wurin a kan tebur, ya riƙe fitila mai ƙarfi yana gusa ta a jikin bangon yamma har inuwar tsinken ta kwanta yadda ta sandar ta kwanta. Nan zai buga ƙusa, ya rubuta kwanan watan da lokacin a ƙarƙashinta da fensir. Shekara tara yana haka, bangon ya cika da ƙusoshi fiye da ɗari biyu. Ka faɗi wata da lokaci, ya rataya fitilar a ƙusarta, sai ga yammacin ranar ya sauka a kan tebur. A wurin shan shayi in ya shigo sai wani ya ce, "Malam, yau ƙarfe nawa za ka faɗar mana da rana?" Ya yi murmushi ya ɗauki kofinsa.

Kai ne, Malam, wanda aka yi shekara tara ana tsokana a kan ƙusoshi, ba ka taɓa tsayawa yi wa kowa bayani ba. Kai ma ba ka san ranar da za su yi amfani ba. Inuwa kawai kake so ta kwanta daidai.

Wata bakwai kafin ya ajiye aiki abin ya faru. Akwai direban da ake kira Sannu-Sannu, domin shekara ashirin da shida yana tuƙi ba a taɓa kama shi da gudu ba, har fasinja masu sauri sukan yi tsaki in sun ji shi ne a gaba. Wata Talata, ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, ya shigo mahaɗar daga yamma da taragai takwas cike da mutane, ya wuce sigina ta tara alhali tana ja. Ya ja birki, jirgin ya tsaya saura taku goma sha biyu ya daki taragan kaya da ke tsaye a gabansa. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Amma a aikin jirgi wuce ja babban laifi ne ko da kofi bai fashe ba. A ranar aka dakatar da shi, aka kafa kwamiti.

Maganarsa ɗaya ce, bai taɓa sauya ta ba: daga inda dogo ya lanƙwasa ya hango koriya shar, sai da ya matso ta dusashe ya ga ja. Na'urar da ke ajiye bayani ta ce jar ce a kunne tun minti huɗu kafin ya iso. Kwamiti ya je da hantsi ya duba siginar, ya same ta lafiya lau. Aka gwada idonsa, garau. To in ido lafiya, fitila lafiya, me ya rage? Sai mutane suka cike gurbin da bakinsu. Wannan ya ce gyangyaɗi ya yi, wancan ya ce waya yake dannawa, wani ya ce ai dama akwai abin da yake sha. Juma'a mai zuwa kwamiti zai yanke hukunci, kuma ba mai shakkar abin da za a ce: za a sallame shi, da irin takardar da ba wurin da zai sake ba shi tuƙi.

Asabar da la'asar ya zo gidan Mai Fitila. Ba alfarma ya zo nema ba. Sati huɗu yana zaune a gida, masu leƙo shi sun ragu, kuma nan ne ya san ba za a yi masa kallon tausayi ba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Suka shiga ɗakin tebur, don a nan maigidan yake karɓar kowa. Direban ya daɗe yana kallo, can ya miƙa yatsa kan lanƙwasar da ke yammacin tashar.

"A nan na gan ta, Yaya. Wallahi koriya na gani. Amma yanzu har ni na fara cewa ko kaina ne ya taɓu. Jiya ƙaramar 'yata ta tambaye ni wai da gaske barci na yi da mutane a bayana."

Mai Fitila ya nufi taga. Ya ja labule, ya bi bango da yatsa har ya samu ƙusar da ta fi kusa da ranar da lokacin, ya rataya fitila. Haske ya kwanta a kan tebur daga yamma, inuwoyi suka miƙe. Sigina ta tara tana cikin inuwar wani tsohon sito da ke gefen layin, yadda take kullum. Suka duƙa suka duba. Ja ce, ba wani abu. Direban ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya yi sallama ya tafi.

Bai daɗe da fita ba Sufeto ta shigo kwashe kofuna. Ta tsaya, ta yi irin kallon nata.

"Wannan siton, ba shi aka rushe bara ba? Na bi ta kan gada rannan, fili ne fetal a wurin."

"An rushe."

"To me yake yi a nan?"

Gaskiyar magana, shi ne gini na farko da ya yi a teburin. Wata biyu yana yanka gwangwanin madara yana yi masa rufi, kuma da aka rushe na gaskiyar zuciyarsa ba ta ba shi ya cire wannan ba. Mutumin da ke auna inuwa da tef ya bar gini guda a tsaye don kawai yana sonsa. Bai faɗa mata haka ba. Ya sa hannu biyu ya ɗaga siton ya ajiye a kan kujera, sai hasken ya zubo a fuskar siginar. Ya duƙa ya duba. Har yanzu jar ce kaɗai, hulunan suna tare hasken yadda ya kamata.

Zai ɗago ke nan, sai idonsa ya tsaya a kan hular koriyar. Matarsa ta ce ta ga fuskarsa ta sauya kamar wanda aka kawo wa saƙon rasuwa. Damina biyu da suka wuce iska ta fizge hular koriyar fitilar sigina ta tara. Ya je ɗakin ajiya, babu doguwa, sai gajeru. Ya ɗaura gajeriya, ya rubuta "a canja" a littafin aljihu, bai shigar da maganar a rahoton ofis ba don yana ganin abin sati ɗaya ne. Siton yana rufe siginar da inuwa kowane yamma, saboda haka ba abin da ya faru, ba wanda ya yi ƙorafi. Littafin ya cika, ya buɗe sabo. Ya manta. Kullum yana hawa yana goge gilashin nan, hular tana gaban hancinsa, idonsa ya saba da ita har ya daina ganinta.

"Ba ni almakashinki," ya ce.

Ya yanke rabin 'yar hular koriyar. Ya shiga ƙarƙashin tebur ya zare wayarta gaba ɗaya, ya fito, ya durƙusa a kan lanƙwasar da direban ya nuna, ya sa ido daidai da dogo. Koriyar tana ci shar, babu wuta a jikinta. Hasken ne ya shige ta ƙarƙashin gajeriyar hular, ya daki ƙyallin da ke baya ya dawo ta gilashin, har ya danne jar. Ya matsa gaba kaɗan, koriyar ta mutu, ja ta fito. Daidai abin da mutumin ya yi sati huɗu yana rantsuwa a kai.

Ya gwada ƙusoshin da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya. Abin ba ya wuce kwana goma a jere, kwata ɗin awa a kowace rana. Jirgi ɗaya ne ke shigowa a wannan lokacin, kuma sauran ranakun hanya a buɗe take, koriyar ta gaskiya ce. Kwanakin sun riga sun wuce, rana ta gusa, sai bayan wata huɗu za ta dawo wannan kusurwa. Ko kwamiti zai wuni a gindin siginar yanzu ba abin da zai gani. A wannan ɗakin kaɗai ake iya dawo da yammacin waccan Talata, kuma mutum biyu ne suka gani, shi da matarsa.

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur.

"Dogayen huluna sun zo tun bara, suna ɗakin ajiya. In na hau jibi na ɗaura, aikina ne, ba mai tambayata. Ba direban da zai sake ganin wannan."

"Shi kuma Sannu-Sannu fa?"

"Shi kuma a sallame shi."

"In ka faɗa fa?"

"Takardar gargaɗi. Lambar yabo kuma ta tafi. Ƙila ma a ce in tattara in tafi gida kafin lokaci."

Ta kwashe kofunan. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ni dai har na ɗinka kayan da zan sa ranar ba da lambar nan, kar ka ce ban damu ba. Amma muna haɗuwa da matarsa a kasuwa, Malam, kuma ni ban iya kau da kai ba."

Ba za a ce bai yi shakka ba, don shi da kansa ba ya ɓoyewa. Litinin da safe ya karɓi doguwar hula a ɗakin ajiya, ya sa a jaka, ya nufi sigina ta tara. Mai ba da hanya, wanda tagarsa ke kallon wurin, ya ce ya ga dattijon ya hau tsani, ya fito da hular da sukudireba, ya tsaya a sama kusan rabin awa bai taɓa komai ba, har ya fara tunanin ko jiri ne ya kama shi. Sannan ya mayar da kayan cikin jaka, ya sauko, ya miƙe ofis.

Shugabar kwamitin injiniya ce, wadda shekara ashirin baya, tana sabuwar shiga, shi ya koya mata hawa tsani da riƙe waya. Ta saurare shi har ya gama, ta dafe kai.

"Baba, so kake in kwashi kwamiti in kai su gida kallon jirgin wasa? Me zan rubuta a rahoto?"

"Ranki ya daɗe, rubuta cewa mai kula da siginar ya ce laifinsa ne, kuma ya ce zai nuna. Ki zo ki gani da idonki kafin ki sa hannu a takardar mutum."

"Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na san shi tun shekaranjiya."

Laraba suka zo, ita da mutum biyu. Sai da suka shiga a karkace ɗaya bayan ɗaya, mai ƙiban cikinsu ya kusa tafiya da tankin ruwa a jikin kwat. Mai Fitila ya nuna musu ƙusoshin da littattafan awonsa, ya buɗe tsohon littafin aljihu a shafin da ya rubuta "a canja", ya ajiye a gaban injiniya ba tare da an tambaye shi ba. Sannan ya ce su durƙusa. Manyan mutane da takalma masu ƙyalli suka gurfana a kan siminti, kowa ya sa ido daidai da dogo. Injiniya ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe ta karɓi wayar da aka zare tana juya ta a hannu, ba ta kalli dattijon ba.

Mai ƙiban ya ce kwali da gwangwani ba hujja ba ne, kuma yana da gaskiya. Mai Fitila ya riga ya yi wannan tunanin. Washegari da la'asar aka rufe layin na minti ashirin, aka kashe wutar koriyar sigina ta tara, aka hau da babban madubi kan motar gyaran waya a daidai tsayi da kusurwar da ƙusar ta nuna, aka karkato da rana cikin gilashin. Madubin na ɗakin Sufeto ne, ta ce dama ta san shi kaɗai ya rage bai ɗauka ba. Kwamiti yana tsaye a kan lanƙwasa. Koriyar ta kama shar. Mai ƙiban ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Wajen rubuta rahoto wani ya kawo shawarar a ɗora abin a kan rushe siton, a tura maganar hula can ƙasa, a rufa wa dattijo asiri tunda ya kusa tafiya. Shi ya ƙi.

"Sito bai ɗaura hula ba. Ni na ɗaura, ni na manta. In kun rubuta rabi, gobe wani zai ce alfarma aka yi wa direban."

Aka rubuta duka, ya sa hannu. Aka mayar da Sannu-Sannu bakin aiki ba tare da tabo ba. Aka ba Mai Fitila takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarsa, aka soke sunansa daga lambar yabo. A ranar ya hau ya ɗaura doguwar hula. Ma'aikatar ta ari littattafan awonsa ta bi duk wata sigina da ke fuskantar yamma a layin, ta gyara biyu.

Kada a zaci direban ya rugo da godiya. Bai zo ba. Wata shida in sun haɗu a tasha sai ya ɗauke kai. Mutum ne da ya yi sati biyar yana zargin hankalinsa, 'ya'yansa sun sha gori a makaranta, duk a kan wani ɗan kwano da aka manta, wa zai ce ba shi da haƙƙin fushi? Mai Fitila ya ba shi haƙuri sau ɗaya a gaban mutane, bai bi shi da magiya ba, ya ci gaba da zagayensa. Amma abin ya ci masa rai. Matarsa ta ce wata biyu bai kunna teburin ba, sai dai ya shiga ya kakkaɓe ƙura ya fito.

Kai ne ka yi kuskuren, Malam, ba za mu goge wannan don muna yabonka ba, kai ma ba za ka yarda ba. Amma kai ne kuma ka tsaya a saman tsani da abin rufe bakin kowa a hannunka, ba shaida, ba mai zarginka, saura wata shida ka tafi da farin suna, ka sauko da shi a jaka. Masu kuskure a wurin aiki ba su ƙirguwa. Waɗanda suka gano nasu da kansu, suka kira mutane har gida suka ce ku durƙusa ku gani, su ne muke nema da fitila ba mu samu.

Ranar da ya ajiye aiki an yi ɗan taro a ɗakin gyara, shayi da biskit, jawabai gajeru. An kusa tashi sai Sannu-Sannu ya miƙe daga baya, alhali ba ya cikin masu magana. Ba gwanin jawabi ba ne, yana ta juya hular aikinsa a hannu.

"Ni dai abu ɗaya zan ce. Na yi fushi da mutumin nan, kowa ya gani. Sai rannan ina tuƙi wani tunani ya zo mini. Da ya yi shiru, da yanzu ina gida ba aiki, ina zuwa wurinsa kowace Asabar ina shan shayi, ina cewa duk garin nan shi kaɗai ne bai guje ni ba. Da har in mutu ina sa masa albarka. Ya san haka sarai. Ya zaɓi in ji haushinsa ina kan aikina." Ya juyo wajen Mai Fitila. "Yaya, ka yafe mini wata shidan nan."

"Zauna, shayinka zai huce," in ji Mai Fitila. Ya ajiye nasa kofin a kan benci, ya matsa masa wuri.

Mun gode, Malam. Mun gode da shekarun da ka yi kana hawa da sauka don mu isa gida lafiya ba mu san ka ba, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar ido. Kai kuma mai karatu, in ka san akwai wanda ke ɗauke da laifin da naka ne, a ofis ne ko a gareji ko a asibiti, tashi ka je ka faɗa tun mutumin yana da aikin da za a ceto masa. Ba za a ba ka lamba ba, wannan dattijon ma ba a ba shi ba. Amma jirgin biyar da minti ashirin yana nan yana shigowa kullum, a hankali yadda ya saba, kuma mutumin da ke gabansa bai yi ƙarya ba. An rubuta haka a takarda, Malam, da sa hannunka a ƙasa.